Na Ce Mata Mijinta Ya Ƙara Gaba

Edita, ina gaishe ka, ina gaida masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ni maƙeri ne a wani ƙauye tsakanin Anka da Bukkuyum. Na haura shekara hamsin da biyar, ina da mata ɗaya, da 'ya'ya maza biyu masu aure, da jikoki cike da gida. Ƙira gadonmu ce, ubana ya yi, kakana ya yi. Na yi karatun allo daidai gwargwado, na boko kuwa ajin yaƙi da jahilci kawai na shiga, don haka a yi haƙuri da rubutuna. A garinmu ana jin maganata. In an yi rigimar iyakar gona ni ake kira shaida, in za a ɗaura aure ina sahun gaba, kuma ba a taɓa kama ni da ƙarya ba. Na faɗi wannan ne don a san nauyin bakin da na yi ɓarna da shi. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da sunan ƙauyen.

Da zinari ya bayyana a dajinmu, sai aikin maƙera ya sauya. Masu kawo garma da kalme suka ragu, masu kawo diga da kurfi da guduma suka yawaita. Baƙi suka cika gari daga ko'ina. Ni ma ban tsaya kallo ba. Na yarda aka riƙa kawo buhunan dutse cikin gidana, na sa aka kafa injin niƙa kusa da rumbu, surukaina mata suna tankaɗe garin dutsen da goyo a bayansu. Da hannuna na riƙa sauke buhunan. Sai yara suka fara suma da jijjiga. A cikin wata guda na binne jikoki biyu, mace da namiji, babu wanda ya kai shekara huɗu. Daga baya likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce da ke cikin dutsen, irin wadda ta kashe yara a Dareta da Bagega. Aka kankare ƙasar tsakar gidana aka zuba sabuwa. Liman da maƙwabta sun yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, sun ce ƙaddara ce, in yi haƙuri. Ban musa musu ba. Amma duk lokacin da na ga uwar yaran ta zauna ta yi tagumi a bakin ɗaki, sai in tuna wanda ya ce a kafa injin nan a wurin. Abinci ya daina shiga. Nakan zauna a maƙera in ƙura wa wuta ido har ƙarfe ya ƙone a ciki.

A cikin wannan hali ne wani mai haƙar zinari ya fara zuwa wurina. Badakkare ne daga wajen Zuru, zai yi shekara arba'in da wani abu, gajere mai faɗin ƙirji, dariya ba ta barin bakinsa. Ranar farko da ya kawo kurfinsa ya tsaya a kaina ya ce wai bawansa Bazamfare ya tashi ya gaida ubangidansa. Kowa ya san akwai wasa tsakanin Zamfarawa da Dakarkari tun kaka da kakanni, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawa. Na daɗe ban yi wasa da kowa ba, amma ban san lokacin da na ce masa tun yaushe bayi suka fara zuwa maƙera babu tsaraba. Ya yi dariya har ya zauna a kan kututture. Tun daga ranar, in rana ta take aikin rami ya tsaya, sai ya zo ya kama mini zugazugi. Yakan ce ƙarfena laushi gare shi kamar tuwon Zamfarawa, ni kuma in ce hannun Badakkare ne ko dutse aka ba shi sai ya lanƙwasa. Mutane suna wucewa su ji mu su yi dariya. Ba wanda ya ga aibu, tunda wasan taubasai ne. A bakin rami an san shi da wani laƙabi da abokan aiki suka sa masa, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo, ba wanda ya damu da sunansa na yanka ko addininsa.

Wata rana bayan azahar, ba kowa a maƙera sai mu biyu, ya bar wasa ya tambaye ni abin da ke cina. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko matata, amma na gaya masa cewa ni na kashe jikokina. Bai ce mini ba haka ba ne. Ya ce shi ma ya taɓa binne ɗa, kuma da laifinsa a ciki, don ya tsaya jinkirin kai shi asibiti. Ya ce shi Kirista ne, abin da ya ɗaga shi daga ƙasa kuwa shi ne ya gaskata Yesu Almasihu ya ɗauki laifinsa. Bai ce in bi shi ba. Ni ne bayan kwana biyu na ce ya ƙara mini bayani. Yana da ƙaramar waya mai memori da aka sa wa karatun littafinsu da Hausa. Sai ya riƙa kunna mini a hankali, ina bugun ƙarfe sama-sama don kada mai wucewa ya ji. Mun fi shekara a haka. Ba na zagin addinin iyayena, a cikinsa aka raine ni, kuma mutanen kirki da na sani a duniya mafi yawansu a cikinsa suke. Abin da ya faru da zuciyata kawai nake faɗa. A hankali nauyin da ke ƙirjina ya fara sauka, na koma cin abinci, na koma ɗaukar sauran jikokina. Wata ranar Talata, ina tsugune gaban uwar maƙera, ƙarfen da ake ƙira a kansa, na ce masa na gaskata. Ya riƙe hannuna ya yi addu'a idonsa a buɗe yana kallon hanya. Da ya gama ya ce yau bawa da ubangidansa sun zama 'yan ɗaki ɗaya, amma kada in ɗauka an 'yanta ni.

Daga nan na shiga ɓoyo. Ina zuwa masallaci kamar kullum, ina tsayawa a sahu, ina azumi tare da kowa. Na san abin da zai biyo baya in aka sani. Za a raba ni da matar da muka yi shekara talatin da wani abu tare, 'ya'yana ba za su iya ɗaga kai a kasuwa ba, ba mai sake kawo mini ko lauje, kuma ban san inda fushin matasa zai tsaya ba. Shi kansa bai taɓa matsa mini in bayyana ba, yakan ce Allah ya san gidan kowa. Amma babban ɗana mutum ne mai lura. Ya taɓa tambayata, cikin ladabi, wai Baba me Badakkaren nan yake nema da kullum sai a maƙera, ko ba shi da abin gyara. Na ce masa wasa ne kawai. Ya ce to, amma kallon da ya yi mini ya zauna a raina.

Abu ɗaya abokina ya taɓa roƙona. Ya gaya mini sunansa na gaskiya, da sunan ƙauyensu, da na matarsa, ya sa na maimaita har na haddace. Ya ce aikin rami ba a sanin ranar da zai rufe da mutum. In hakan ta faru, in aika gida, a zo a ɗauke shi a binne shi kusa da ubansa, in kuma ba hali to aƙalla matarsa ta ji daga bakin wanda ya san shi. Ya ce ya riga ya ba ta labarina, ta san yana da ɗan'uwa maƙeri. Na ce masa ya bar mugun baki, Badakkare ko ƙasa ba ta son haɗiye shi. Amma na ɗauki alkawari.

Farkon damina, bayan ruwa na biyu, rami ya rufta da shi da hantsi. Kafin a tono shi rai ya yi halinsa. Aka kawo shi a amalanke aka ajiye ƙarƙashin itacen bedi a ƙofar masallaci, an rufe shi da zane, ƙafafunsa a waje da jar laka. Abokan aikinsa suka ce laƙabinsa kawai suka sani, da cewa daga wajen Zuru yake. A wajenmu ba a barin gawa ta kwana, kuma in baƙo ya mutu ana shakkar addininsa, liman yakan tambayi jama'a ko akwai wanda ya shaide shi da salla. Liman ya yi tambayar sau biyu. Wani ya ce shi dai bai taɓa ganinsa a sahu ba. Sai wani dattijo ya ce ai ga maƙeri nan, kullum tare suke, shi zai sani. Duk idanu suka juyo kaina, har da na ɗana da ke tsaye kusa da liman. Abin da ya zo mini a lokacin shi ne, in na ce Kirista ne, tambaya ta gaba ita ce me na fi shekara ina yi da Kirista mu biyu a maƙera. Yau na san ba lallai ne kowa ya yi wannan tambayar ba. Da na ce Kirista ne, ga sunan garinsu, da an nemi babur an aika, kamar yadda aka taɓa yi wa wasu baƙin. Amma mai ɓoyo gani yake kowa shi yake kallo. Na buɗe baki na ce Musulmi ne, na sha ganinsa yana salla a bayan maƙerata. Liman ya tambaye ni ko na san danginsa. Na ce bai taɓa gaya mini ba.

Maganata ba a ja da ita a garin nan, don haka ba wanda ya ƙara tambaya. Wani ya ba da likkafani, matasa suka haƙa kabari, aka yi masa wanka. Ni na tsaya a sahun gaba aka sallace shi. Kafin la'asar an rufe shi a gefen maƙabarta inda ake sa baƙi, aka jera itace aka tara ƙasa, ba wata alama, kamar yadda muke yi wa kowa. Mutanen garinmu sun yi wa baƙo abin da suke yi wa nasu, da zuciya ɗaya. Ni ne na yaudare su. A hanyar dawowa liman ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya saka mini, da ba don ni ba da an rasa yadda za a yi da bawan Allah. Ɗana kuwa ranar ya kawo mini fura da kansa, fuskarsa a sake. Na karɓa na sha.

Na riƙa ce wa kaina zan aika in ƙura ta lafa. Amma aikawa na nufin danginsa su zo, su ce Kirista ne, shaidata ta tashi a gaban gari. Damina ta wuce, abokan aikinsa suka watse zuwa wasu ramukan. Bayan an gama girbi, wata rana da hantsi, ɗan kabu-kabu baƙo ya tsaya a bakin maƙerata, don ita ce farkon abin da ake tararwa in an shigo gari. Wata mata ta sauko, siririya, da ɗan kwali da ƙullin kaya. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambaya ko ni ne maƙerin. Da na amsa sai fuskarta ta washe, ta kira ni ɗan'uwa cikin Ubangiji, ta ce maigidanta ya ba ta labarina, ta kwance ƙullin ta miƙo mini daddawa da gyaɗa, wai tsarabar bawan mijinta. Ta ce tun farkon damina wayarsa ba ta shiga, ba saƙo, yara suna ta tambaya. Tana cikin magana na hango babban ɗana tafe daga gona da amalanke, bai fi a kira shi ya ji ba. Maƙabartar tana bayanta, da ta waiwaya da ta ga itatuwanta. Na ce mata mijinta ya samu, rami ya ba shi, ya ƙara gaba wajen Bagega, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Na ce ta yi sauri kada rana ta yi mata, kuma kada ta tsaya tambaya a garin nan, ba a son baƙi mata. Ta dube ni kamar ba ta gane ba. Ta maimaita, ya samu, kuma bai zo gida ba? Na ce haka na ji. Ta yi godiya, ta ce Allah ya saka da alheri, ta hau babur. Ta bar mini daddawar. Da ɗana ya iso ya tambayi ko wace ce, na ce mai neman hanya ce.

Shekara shida na yi da wannan abu a cikina. Ina addu'a a ɓoye, amma duk lokacin da na fara sai in ga matar nan tana hawa babur. Sauƙin da na samu a kan jikokina bai tafi ba, sai dai wani nauyin ya hau kansa, wannan kuwa da sanina na ɗauko shi. Sannan 'yan bindiga suka addabi yankinmu. Suka kore shanu, suka hana noma, suka ƙone rabin gari. Muka kwashe abin da za mu iya muka koma Gummi, muka raɓa a gidan wani ɗan'uwan matata. Maƙerar da na yi ƙarya don kada in rasa ta, na bar ta ba wanda ya tambaye ni addinina. Garin da nake tsoron bakinsa ya watse, kowa ya kama gabansa. Liman ya rasu a gudun hijira ban nemi gafararsa ba. A nan ne na ga ba ni da sauran hujja. Na ce wa iyalina zan je neman aikin ƙira wajen Zuru, na shiga mota, daga tasha na hau babur zuwa ƙauyen da na haddace sunansa.

Aka nuna mini gidan. Babbar 'yarsa na tarar, matar aure da goyo, kamarsu ɗaya har faɗin goshi. Ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa, tana kirana Baba. Na tambayi mahaifiyarta. Ta ce ai Mama ta rasu bara. Da na ce a kan mahaifinta na zo, sai fuskarta ta ɗaure, ta ce a gidan nan ba a ambatonsa. Ta ba ni labari ba tare da na tambaya ba. Ta ce rani uku uwarta ta yi tana bin ramukan zinari, tana sayar da abinci a bakin rami don ta riƙa duba fuskokin masu fitowa. Mutanen gari suna ta faɗin cewa ya yi kuɗi ya auri yarinya ya manta da su, ita tana musawa. Daga baya ta daina musawa, don ta ce amininsa ne da bakinsa ya gaya mata ya samu ya ƙara gaba, kuma mutumin dattijo ne, ba zai yi mata ƙarya ba. Uwar ta tattara kayansa ta bayar. Ta hana yaran su yi tambayarsa. Da ciwo ya kwantar da ita, fasto ya zo ya roƙe ta ta yafe wa mijinta kafin ta tafi, sai ta juya fuskarta bango. A haka ta cika.

Na gaya mata komai, tun daga rufta ramin har zuwa ranar da uwarta ta zo. Na gaya mata ubanta bai taɓa kwana bai ambace su ba, kuma ya bar mini amanar da na ci. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta daɗe tana jijjiga goyonta ko da yake yaron ba kuka yake ba. Sannan ta ce in kai ta kabarin, ita da ƙannenta, ko tsayawa ne su yi a kai. Na ce mata garin ya zama kufai, ba mai iya shiga, kuma ko an shiga, damina shida ta bi ta kan wurin, ni kaina ba zan iya nuna shi ba. Sai ta dube ni ta ce, to Baba, su sun ji, amma wa zai je ya gaya wa Mama? Har yau da nake rubutun nan ban samu amsar wannan tambaya ba. Da zan tafi ta raka ni bakin hanya, ta ce an koya mata yafiya kuma za ta yi ƙoƙari, amma kada in tambaye ta yau.

Edita, har yanzu iyalina ba su san abin da ke zuciyata ba, kuma ba na rubuta wannan don in ce wa kowa ya fito ya yi shela. Na san ƙasarmu, na san abin da mutum yake tsoro. Abin da na koya shi ne, yin shiru a kan abin da ke tsakaninka da Allah daban, yin ƙarya a kan wani mutum daban. Ni ban ga iyakar ba sai da na tsallake ta. Na ɗauka kaina nake karewa, ashe da rayuwar wasu nake biya. Na sa liman ya sallaci wanda bai sani ba, na hana mamaci kwanciya kusa da ubansa, na sa mace ta mutu tana ƙin mijin da bai yi mata laifin komai ba. Na gaskata Allah mai gafara ne, a kan wannan nake tsaye, amma gafararsa ba ta komar da ni bakin maƙerar nan in faɗa wa matar gaskiya. Ina jan kunnen duk mai ɓoye wani abu, Musulmi ne ko Kirista: ranar da ɓoyonka ya nemi ka yi shaidar zur, ko ka juya mai neman nasa ya tafi da ƙarya, ka tsaya a nan, ko me zai same ka. In kuma akwai wanda ka riƙe wa labarin da yake jira, ka tashi ka kai masa yau. Ni na jira har tsorona ya ƙare, da na isa na tarar wadda za ta ji ba ta nan.